Babi na 7: Daga Kano zuwa Maiduguri ta Sama

Duk wanda ya yi azumi a Kano yana da dangi a Maiduguri ya san mutanen Borno suna riga Kanawa shan ruwa. Ladan zai kira magariba a Yerwa, wato Maiduguri, a kai dabino baki, a yi salla, a fara kurɓar kunu, a Fagge kuwa ana nan ana leƙen agogo. Tazarar minti 18 ce ko kusa da haka, kuma ba ta canjawa sosai ko azumin ya faɗo a bazara ko a hunturu, domin garuruwan biyu kusan a kan layi ɗaya suke, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Da wannan tazara kaɗai mutum zai iya auna nisan da ke tsakaninsu yana zaune a kan tabarmarsa. Duniya tana kammala juyi ɗaya, wato digiri 360, a sa'a 24, digiri ɗaya ke nan a kowane minti 4. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana kan digiri 8 da rabi gabas da layin Girinic na Landan, na Maiduguri kuma ya ɗan haura digiri 13. Bambancin digiri 4 da rabi ne da 'yan kai, shi ya haifar da minti 18 ɗin. A yankinmu kowane digiri ɗaya daga yamma zuwa gabas kilomita 109 ne. Idan aka ninka za a sami abin da ya kusa kilomita 500.

Wannan shi ne nisan sama, miƙaƙƙe daga fili zuwa fili, ba kwana ba ratse. Matuƙa ba da kilomita suke lissafi ba, suna amfani da mil na teku ne, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne. A takardarsu, abin da ke tsakanin KAN da MIU, kamar yadda ake taƙaita sunayen filayen biyu a jikin tikiti da jaka, mil 268 ne, fuska tana kallon gabas kusan sak. A doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Jidda, mai fiye da kilomita 3,000, hanya mafi kusa takan fito a lanƙwashe idan aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira, saboda duniya a dunƙule take. A kilomita 500 kuwa lanƙwasar ba ta kai a kula da ita ba.

To nawa ne lokacin? Jirgi irin Boeing 737 ko Embraer 145, waɗanda fasinjan cikin gida a Najeriya ya saba gani, yakan yi gudun kilomita 830 a sa'a idan ya daidaita a sama. Mai gaggawar lissafi zai raba ya ce minti 36. Amma babu kamfanin da zai rubuta minti 36 a tikiti, sa'a guda za a gani ko da ɗan ɗoriya. Sauran mintocin ba ɓata suka yi ba, kowane yana da inda ya tafi.

Da farko, agogon kamfani yana fara bugawa ne tun daga lokacin da aka zare abin da ake tokare tayoyin jirgi da shi a wurin lodi, ya tsaya kuma idan an sake tokare su a can. Tura jirgi baya, tayar da injina, bin ƙananan tituna a hankali zuwa bakin babban titin tashi, jiran izini daga hasumiya, duk a ciki suke. Titin Kano ya haura kilomita 3, na Maiduguri kilomita 3 ne, don haka kaiwa ƙarshensu ma tafiya ce. Minti 10 zuwa 15 sukan ƙare a ƙasa, farko da ƙarshe.

Sa'annan sai hawa. Jirgin jet ba ya samun saurinsa da sauƙin shan mansa sai a can sama inda iska ta yi shara-shara, kuma hawan yana cin lokaci. Ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ta hana wuce mil 250 na teku a sa'a, kimanin kilomita 460, domin a nan ne jirage suka fi cunkushewa, a nan ne kuma ungulaye da shirwa suke shawagi. A tafiya irin wannan matuƙi zai nemi hawa zuwa ƙafa 27,000 ko 29,000, kusan kilomita 9 daga ƙasa, abin da zai ɗauke shi fiye da minti 15, kafin nan ya ci wajen kilomita 150, ya bar Dutse a baya. Saukowa ma tana da nata lissafin da kowane matuƙi ya haddace: mil 3 na tafiya a kan kowace ƙafa 1,000 da za a sauke. Daga ƙafa 29,000 mil 87 ke nan, kilomita 160, wato tun kafin a gifta Damaturu an rage wuta an fara gangarowa. Abin da ya rage a tsakiya, inda jirgin yake gudun nan na kilomita 830, bai fi minti 12 zuwa 15 ba. A cikinsu ne ma'aikata ke hanzarin raba ruwa da biskit. Idan aka haɗa, minti 45 zuwa 50 a sama, sa'a guda daga ƙofa zuwa ƙofa.

Abin da wannan lissafi ke nunawa, kuma zan dawo kansa, shi ne jet a gajeriyar tafiya ba ya samun damar nuna abin da aka ƙera shi dominsa. Jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda gudunsa kilomita 500 ne a sa'a kuma ba ya buƙatar hawa can ƙololuwa, zai yi wannan tafiya a sa'a ɗaya da minti 20 ko kusa da haka. A takarda jet ya fi shi gudu da fiye da rabi. A hanyar Kano zuwa Maiduguri, minti 20 zuwa 25 ne kawai tsakaninsu.

Yara masu kaifin basira sukan yi wata tambaya a nan. Tunda ƙasa tana juyawa gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a sa'a a inda muke, me zai hana jirgin da ya tashi daga Maiduguri ya tsaya cak a sama har Kano ta zo ta same shi? Amsar ita ce iskar da ke lulluɓe da duniya tare da ita take juyawa, jirgin ma da wannan gudun ya baro ƙasa. Abin da ke sa zuwa da dawowa su bambanta shi ne motsin iskar ita kanta. A lokacin sanyi, can sama inda jet ke bi, iska daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, sai ta tura mai zuwa Maiduguri ta tare mai dawowa Kano. Da damina lamarin ya juye, iskar sama ta koma busowa daga gabas. A tafiyar sa'a guda bambancin 'yan mintoci ne, amma matuƙi yana lissafa shi tun kafin a zuba mai.

Akwai kuma tsarin da ke hana masu zuwa da masu dawowa haɗuwa. Jirgin da ya fuskanci gabas yana bin dubban ƙafa marasa rabuwa biyu, 27,000 ko 29,000, wanda ya fuskanci yamma kuma 28,000 ko 30,000. Ko da biyu sun haɗu a kan Potiskum a daƙiƙa ɗaya, ɗaya yana saman ɗaya da ƙafa 1,000. Hukumar NAMA ce ke kula da wannan, kuma har yau a taswirar matuƙa ta duniya, ɗaukacin sararin samaniyar Najeriya sunan Kano yake amsawa. Wannan suna gado ne daga zamanin da Kano ce ƙofar shigowa ƙasar ta sama.

Babban abin da ke ɓata lissafi a wannan hanya yanayi ne, kuma duka nau'insa biyu daga gabas suke zuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, ta baza ta a kan Borno da Yobe da Jigawa da Kano. Ranar da hazo ya yi kauri, wanda ke tsaye a bakin titin sauka ba zai hango ƙarshensa ba. A sama ba matsala, jirgi yana bisa ƙurar cikin rana tarwai. Wahalar tana wajen saukowa, inda dole ne a wani tsayi da aka ƙayyade matuƙi ya ga titi da idonsa, in bai gani ba ya ƙara wuta ya koma sama. Shi ya sa kowane jirgi ke ɗaukar man da zai kai shi wani fili na daban, kamar Yola da ke kilomita 300 kudu da Maiduguri, da ƙarin na rabin sa'a wanda ba a taɓawa sai don ceton rai. Idan hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta ba da rahoton cewa ganin nesa ya yi ƙasa da ƙa'ida, ba ma za a taso ba. Fasinja yakan ji haushi, ya ga rana a waje ya ce ƙarya ake yi masa. Ni a wannan wuri ina bayan matuƙin da ya ƙi tashi. Da damina kuwa hadari ne, irin wanda ke haɗuwa a jere, tsawonsa ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, yana tafiya yamma da gudun mota a cikin gari. Jirgi ba ya kutsa shi, kewaye shi yake yi, kuma tunda hanyar gabas da yamma ce, kai-tsaye suke fuskantar juna. Kewayen na iya ƙara kilomita 50 ko 100.

Hanyar nan ta girmi jirgi da mota. Ita ce hanyar fatake masu kai tufafin Kano da goro gabas su dawo da kanwa, ita ce kuma ta alhazan ƙafa, waɗanda jikokin wasunsu ke zaune a Sudan har yau. Bature Hugh Clapperton ya bar Kukawa, babban birnin Borno na wancan zamani, a tsakiyar Disamba 1823, bai shiga Kano ba sai 20 ga Janairu 1824, bayan ya binne abokin tafiyarsa Dokta Oudney a ƙasar Katagum. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yi ta daga Kano zuwa Kukawa a 1851 cikin mako uku da 'yan kwanaki. Maiduguri ba a ma kafa ta a matsayinta na yanzu ba sai 1907.

Da jirgin sama ya zo, sawun alhazai ya biyo, sai dai ta baya. A ƙarshen Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A masu fukafukai hawa biyu, suka taso daga Helwan kusa da Alkahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka biyo ta Khartum da Darfur da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, suka yada zango a Maiduguri, suka sauka Kano a farkon Nuwamba. Jirage ne da ko an ƙure su ba sa kai kilomita 200 a sa'a. Ke nan tafiyar farko da jirgin sama ya yi tsakanin garuruwa biyu na Najeriya, wannan ce da muke magana a kai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirgar mako-mako daga Khartum zuwa Kano da jirgin DH.86 mai injin huɗu, yana tsayawa a Al-Ubayyid da Al-Fashir da Al-Junaina da Abeshe da Fort Lamy da Maiduguri, wasiƙu ne babban kayansa, daga baya a shekarar aka ƙarasa da shi Legas. Gudunsa wajen kilomita 230 ne a sa'a, don haka tafiyar da ayari ke yi a wata guda ta koma sa'a biyu da 'yan mintoci.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mai da hanyar babbar jijiya. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama kasada. Sai Ingila ta koma ɗauko su a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Al-Junaina, Al-Fashir, Khartum har Alkahira, tafiyar kusan mako guda. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya a gaba, ƙananan Hurricane suna biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Faɗaɗa filayen Kano da Maiduguri da aka yi a lokacin shi ne tushen abin da muke da shi yanzu. Bayan yaƙi kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, ya gaji aikin, sai Nigeria Airways daga 1958, wanda ƙananan jiragensa na Fokker suka riƙa haɗa Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Yola da Maiduguri, riba ko ba riba.

Yau idan ɗan kasuwar Monday Market ta Maiduguri ya nemi tikitin Kano, abin da ya fi samu shi ne a ce masa sai ta Abuja. Kamfanoni sukan gwada hanyar kai-tsaye jifa-jifa, ta yi 'yan watanni ta ɓace daga jadawali. Abin da ya dawwama shi ne Maiduguri zuwa Abuja, kilomita 710, sa'a ɗaya da minti 15 ko 20, da Abuja zuwa Kano, kilomita 365, ƙasa da sa'a guda. Jimilla kilomita 1,075, ninki biyu da ɗoriya, kamar mai son shiga gidan maƙwabcinsa na jikin katanga amma sai ya zagayo ta kasuwa. Kuma ƙarin kilomita shi ne ƙaramin nauyin. Tikiti biyu ne, galibi na kamfani biyu da ba su san da zaman juna ba. Mutum zai sauka, ya jira jakarsa, ya fita, ya sake shiga layi, a sake bincike. Idan jirgin farko ya makara na biyun ba zai jira shi ba, ba kuwa wanda zai biya shi. Makara kuma ba baƙon abu ba ce, domin jirgi guda ke yin Legas, Abuja, Maiduguri, ya koma Abuja, ya koma Legas, kuma jinkirin rabin sa'a da safe yakan zama na sa'a uku da la'asar. Ga shi filaye da dama a ƙasar nan ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana. Mai hankali yakan bar sa'a uku ko huɗu tsakanin jiragen biyu, wani ma ya kwana Abuja ya biya otal.

Mu auna daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Da jirgin kai-tsaye: rabin sa'a zuwa fili ta Bulumkutu, sa'a ɗaya da rabi na awon kaya da jira, sa'a guda a hanya, rabin sa'a na karɓar jaka, rabin sa'a zuwa Kantin Kwari. Sa'a 4. Ta Abuja, idan komai ya tafi daidai, sa'a 8 zuwa 9. Motar da ta tashi daga Tashar Kano ta Maiduguri da sassafe, ta bi Damaturu, Potiskum, Azare, Shuwarin, Wudil, ta shigo ta Mariri, kusan kilomita 600, ita ma sa'a 8 zuwa 10 take yi gwargwadon shingayen bincike da lafiyar titi, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tikitin jirgi biyu ba. Wanda ya biya kuɗin jirgi ta Abuja bai sayi lokaci ba ko kaɗan.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka karkatar da tafiyar gabas ta kudu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa na gabas ya tsaya a Nguru a 1930 bai ƙara gaba ba. Da jirgin ƙasa ya isa Maiduguri a 1964, daga Kuru kusa da Jos ya taso, ta Bauchi da Gombe, don gyaɗa da fatu da shanu su gangara bakin teku. A lokacin, mai son zuwa Maiduguri daga Kano a jirgin ƙasa sai ya yi kudu har Kafanchan kafin ya juyo. Jiragen sama sun maimaita wannan bayan gwamnati ta koma Abuja a Disamba 1991, Nigeria Airways kuma ya durƙushe a 2003. Kamfanoni masu zaman kansu, har da na 'yan arewa irin su Kabo da Chanchangi da Max Air da Azman, inda fasinja mai kuɗi ya fi yawa suka bi, kuma Abuja da Legas ne. Ban ga laifinsu a nan ba, kasuwanci suke yi.

To me ya sa har yanzu mutane ke biyan kuɗin zagayen? Saboda kilomita 130 da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri. Benisheik, Mainok, Jakana, Auno: duk wanda ya bibiyi labarai daga 2013 ya san waɗannan sunaye da abin da ya faru da matafiya a cikinsu. A 2 ga Disamba 2013 'yan Boko Haram suka kai hari sansanin sojan sama da ke jikin filin jirgin Maiduguri, aka dakatar da jiragen fasinja, ba su dawo ba sai 2015. A wannan tsakanin babban birni mai jami'a da asibitin koyarwa ba shi da mafita sai wannan titi guda. Daga baya aka tsara rufe shigar gari da yamma, wanda ya iso bayan an rufe sai ya kwana a waje. A daren 9 ga Fabrairu 2020 matafiyan da ƙofa ta rufe wa suna barci cikin motocinsu a Auno, kilomita 25 kacal daga Maiduguri, aka far musu, aka ƙone motocin, mutum 30 ko fiye suka rasu, ciki har da mata da yara. Allah ya jiƙansu. Waɗannan mutane sa'a ɗaya ko biyu da suka makara a hanya, wataƙila a wurin faci ko a shingen bincike, ita ta yi sanadinsu. A wannan hanya lokacin tafiya ba zancen jin daɗi ba ne kawai. Aikin mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye, wanda aka raba kashi biyar aka bayar a 2006, ya rage wahala a sassan da aka gama, amma kwalta ba ta kawo tsaro.

Saura tambayar da ta fi damuna: me ya hana jirgin kai-tsaye zama da gindinsa, alhali mutanen garuruwan biyu kullum suna kan hanyar juna? 'Yan kasuwar atamfa da shadda, dillalan bandar kifi da wake da shanu, masu hular Bama da turaren wuta, ɗaliban Jami'ar Maiduguri da ta Bayero, majinyata da likitocin asibitocin koyarwa biyu, ga aure da zumunci da suka haɗa Barebari da Kanawa tun kaka da kakanni.

Amsar tana cikin lissafin da muka yi a baya. Gajeriyar tafiya ita ce mafi tsada a kowane kilomita. Injin jet ya fi shan mai a wajen tashi da hawa, kuma a nan kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar hawa ne. Kuɗin sauka da na ma'aikatan ƙasa ɗaya ne ko kilomita 500 aka yi ko 2,000. Tayoyi da birki da wasu sassan injin ana ƙirga shekarunsu ne da yawan tashi da sauka, kayan gyaran kuma da dala ake sayensu. Man jirgi, wanda farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022 kaɗai, shi ne mafi girman kaso na kashewar kamfani. Idan aka ɗora Boeing 737 mai kujera 140 a kan hanyar da fasinjanta na yau da kullum 50 ne ko 60, kowane tashi asara ne. Sai kamfani ya soke na ranar Talata don ya haɗa da na Alhamis, ɗan kasuwar da aka soke wa sau biyu ya koma mota, fasinja su ƙara raguwa, a rufe hanyar a ce ba kasuwa. Kasuwar tana nan, jirgin ne ya fi ƙarfinta.

Jirgin da ya dace da ita mai farfela ne. ATR 72 kujera 70 gare shi, man da zai sha a wannan tafiya bai kai rabin na 737 ba, kuma kamfanoni irin su Overland da Green Africa sun yi aiki da shi a Najeriya. Matsalar da zai fuskanta tana zukatanmu. Fasinjanmu da yawa idan suka hango farfela sai gabansu ya faɗi, su ɗauka tsohon yayi ne ko ragowar zamanin Turawa. Alhali injinsa ɗan gida ɗaya ne da na jet, farfelar kawai aka ɗaura masa, kuma da yawansu sun fi jet ɗin da muke rububi ƙuruciya da shekaru masu yawa. Ƙararsa ta fi, ya fi jin girgizar iska da tsakar rana tunda ba ya hawa can sama, wannan gaskiya ne. Amma minti 20 da ɗan ƙara ba su kai dalilin rasa hanyar gaba ɗaya ba.

Gwamnatocin jihohi kuwa inda suka fi zuba kuɗi shi ne gina fili. Dutse ta sami nata a 2014, Bauchi ma haka, Damaturu a 2023. A kan layin nan na kilomita 500 yanzu akwai manyan titunan sauka huɗu, na Kano da Dutse da Damaturu da Maiduguri, amma jirgin da ke haɗa su da juna ya yi wuya. Fili ana buɗe shi da biki a ga hoto, jadawali kuwa sai an yi ta biyansa shiru-shiru wata bayan wata. Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Amurka tun 1978 take biyan kamfanoni tallafi don kada su janye daga ƙananan garuruwa, Indiya ta ɓullo da irin nata tsarin a 2016, inda gwamnati ke cike giɓin kuɗin wasu kujeru na 'yan shekaru har hanya ta tsaya da ƙafarta. Gwamnonin arewa maso gabas sun sha ambatar kafa kamfanin jirgi na yankin a tarukansu. Kafin a kai ga sayen jirage, abin da Borno da Kano za su iya yi ya fi haka sauƙi da araha: su yi yarjejeniya da kamfani mai ƙaramin jirgi, su ɗauki nauyin adadin kujerun da ba a sayar ba, da sharaɗin tashi a kan lokaci kwana uku a mako na tsawon shekara biyu, ko da mutum 20 ne a ciki. A tashi Maiduguri ƙarfe 7 da rabi, ɗan kasuwa yana Kwari ƙarfe 10, ya gama cinikinsa ya ba motar dakon kaya, ya kama na ƙarfe 4 ya kwana a gidansa. Majinyacin da aka tura ganin likita ma haka.

Wani ɓangaren aikin na gwamnatin tarayya ne. Na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi cikin hazo, da fitilun gefen titi da na gabansa, su ne ke rage tsayin da dole matuƙi ya ga ƙasa kafin ya sauka. Sai suna aiki a duka filayen biyu, ana auna daidaitonsu a kan kari, da wutar da ba ta ɗaukewa, sa'annan jadawalin zai tsira daga Disamba da Janairu, watannin da biki da kasuwa suka fi yawa, ƙura kuma ta fi kauri.